Allon Suna a Ƙofar Gida

Karatu: Kubawar Shari'a 6:4-9, Joshuwa 24:14-27

Lokacin ba da kyauta yana gabanmu kullum, ko na Kirsimati, ko na aure, ko na shiga sabon gida. Da yawa cikinmu sukan damu domin aljihu ba nauyi. To, ga wata kyauta wadda ba ta cin kuɗi da yawa, sai dai haƙuri: mutum ya sami guntun katako mai kyau, ya sassaƙa sunan gidan iyayensa ko na ɗan'uwansa a kai, ya ƙara da aya guda, ya miƙa musu. Turmin atamfa yakan koɗe, kwano yakan huje, amma allon nan yana iya ganin jikoki. Sai dai abu ne mai nauyi fiye da yadda ake zato, shi ya sa na ga ya kamata mu duba shi tare.

Ba mu ne muka fara rubutu a bakin ƙofa ba. Musa ya umarci Isra'ilawa su rubuta maganar Allah a madogaran ƙofofinsu, su kuma koya wa 'ya'yansu ita a zaune da a tafe. Har yau Yahudawa suna rubuta ayoyin nan a 'yar fata, su naɗe, su sa cikin ɗan gida, su kafa a hannun dama na ƙofa. Amma ku lura da jerin umarnin. Zuciya aka fara ambata, sa'an nan 'ya'ya, ƙofa kuwa ita ce ta ƙarshe. Wanda ya fara da ƙofa ya bar sauran, ya sa wa jaki sirdin doki ke nan.

Kada kuma wani ya raina aikin, ya ce na kafinta ne kawai. A Fitowa sura 31 Allah da kansa ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da duwatsu da sassaƙar itace. Ubangijinmu ma mutanen Nazarat da sassaƙa suka san shi, kamar yadda Markus 6:3 ya nuna. Hannun da aka kafa wa ƙusa ya san ƙusa tun da daɗewa. Saboda haka malamin makaranta ko ma'aikacin ofis bai rage komai ba idan ya tuɓe riga ya riƙe zarto.

Sai a fara da zaɓen katako. Maɗaci yana da kyau, ja ne, yana karɓar wuƙa, yana kuma daɗewa. Ƙirya ta fi shi ƙarfi, gara ba ta cika damunta ba, amma za ta ba sabon hannu wahala. Kowanne ka samu, ka tabbata busasshe ne. Ɗanyen katako yana da kyaun gani a kasuwa, amma bari hunturu ya busa, sai ya kantare ya tsage, wataƙila ma tsakiyar sunan. Tsawon inci 18 da faɗin inci 8 ya isa yawancin gidaje, kaurinsa kuwa kamar inci 1. A goge shi da samfefa mai kaushi, sa'an nan mai laushi, ana bin tsawon itacen, ba a gicciye ba.

Kada ka sa ƙarfe a katako kafin ka gama rubutun a takarda. Ka zana baƙaƙen manya, ka daidaita tsakaninsu, ka shafa gawayi a bayan takardar, ka ɗora ta bisa katakon, ka bi zanen da fensir, sai ga shi ya fito. Annabi Habakuk an ce masa ya rubuta wahayi a alluna a fili, domin a karanta ba da wahala ba. Haka naka ya zama. Ado mai yawa da lanƙwashe-lanƙwashe ba su da amfani idan tsohuwa mai tabarau ba ta iya karantawa daga bakin hanya.

Ka kai takardar wurin mutum biyu su duba. Ku kula da ƙugiyar baƙaƙenmu, wato ɓ da ɗ da ƙ. Mutum yana so ya yi wa baƙi maraba, in ya manta ƙugiya guda, sai allonsa ya yi wa baki maraba, masu gulma kuwa ba su jiran gayyata ta biyu. Fensir yana da magogi, sassaƙa ba ta da shi. Ku tuna da Bilatus. Ya sa aka rubuta allo da harsuna 3, Ibrananci da Latin da Helenanci, aka kafa bisa gicciye. Manyan firistoci suka zo su sa ya sāke maganar, ya ƙi. Mutumin da ya yi ta jujjuyawa tun safe, a kan rubutu kaɗai ya tsaya.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Me za a rubuta?

Na ga alluna waɗanda muƙaman maigida suka cinye wuri duka, har ba a sami inda za a sa sunan Allah ba. Na ga waɗansu kuma da sunan miji kaɗai, sai ka ce shi yake girki, shi yake goyo. A ganina, in kyautar ta iyali ce, sai ta zama ta iyali. A sa sunan gidan, in da wuri a sa na uwargida. In za a jera 'ya'ya, a ƙidaya da kyau, a kuma bar fili a ƙasa, gama ba mu san abin da Allah zai ƙara ba. Maraya da yake zaune a gidan fa, ɗan ƙanen maigida wanda ya rasu? Yaron nan zai koyi karatu, kuma abin da zai fara nema a allon shi ne sunansa. In bai gani ba, ba zai ce komai ba, amma zai wuce ƙarƙashinsa kowace safiya. Gara a rubuta sunan gida kaɗai da a jera suna a tsallake mutum ɗaya. In gwauruwa ce za a ba, a tambaye ta tukuna ko tana so sunan marigayin ya kasance. Yawanci suna so, amma ita ce da faɗa.

Ayar da aka fi zaɓa ita ce Joshuwa 24:15, inda tsohon nan ya tara kabilu a Shekem ya bayyana wanda shi da gidansa za su bauta wa. Aya ce mai kyau. Amma ku karanta har ƙarshen surar. Jama'a suka amsa da sauri, Joshuwa bai yi murna da saurinsu ba, ya gargaɗe su. Daga baya ya ɗauki babban dutse ya kafa a gindin itacen oak, ya ce dutsen zai zama shaida a kansu idan sun yi musun Allahnsu. Allon da ka rataye, shi ne dutsen nan. Maƙwabcinka yana karanta shi, yana kuma jin abin da yake fitowa ta bisa katanga da dare. Mai binka bashi yana tsaye ƙarƙashinsa sa'anda ka aiki yaro ya ce ba ka nan. In ana dūkan mace a gidan da aka sassaƙa sunan Ubangiji a ƙofarsa, ba sunan maigida kaɗai ake zagi a unguwa ba. Ban faɗi wannan domin ku ji tsoron rataye aya ba. Amma mai bayarwa da mai karɓa su san alkawari ne suke kafawa da ƙusa.

Kuma allo ba laya ba ne. Ba ya korar ɓarawo, ba ya tsare mayu, ba ya hana zazzaɓi. Ishaya sura 44 ta yi wa masassaƙi ba'a, wanda ya sare itace, ya dafa abinci da rabi, ya durƙusa wa sauran rabin. In ka ji gabanka ya faɗi domin allon ya faɗo ƙasa, ka binciki zuciyarka. Ƙusa ce ta yi tsatsa, sai a sāke wata.

Akwai 'yan'uwa da suke zaune inda alama a ƙofar waje za ta iya jawo musu fitina. Kada mu da muke cikin kwanciyar rai mu ɗora musu kaya da sunan kyauta. Su suka san garinsu. In sun rataye shi cikin ɗaki bisa inda ake addu'ar safe, bai rage daraja ba, 'ya'yan gidan ma za su fi ganinsa.

Sa'anda ka zo sassaƙa, ka fara yanka gefen kowane baƙi da wuƙa mai kaifi, sa'an nan ka ɗebe tsakiya kaɗan kaɗan. Ƙarfe marar kaifi shi ke zamewa ya yanki hannu, kuma kada hannun hagu ya tsaya gaban bakinsa. In an gama, a cika ramukan da baƙin fenti ko fari, a bari ya bushe, a sāke bin fuskar da samfefa domin fentin da ya ɓata gefe ya fita. Sai a shafa banish sau 2 ko 3, gaba da baya, musamman bakin nan biyu inda zarto ya yanka, gama ta nan ruwa yake shiga. A huda ramin ƙusa tun da wuri don kada katakon ya tsage. A bayansa ka rubuta sunanka da shekarar, domin jikokin da ba su san ka ba.

Kada a ba wani ya kai. Ka je da kanka, ka zauna a sha ruwa, a kira mutanen gida duka. Yaro mafi ƙanƙanta da ya iya karatu shi zai karanta ayar daga Littafi Mai Tsarki, maigida ya yi addu'a. Sa'an nan a kafa shi ƙarƙashin inuwar rufi inda ruwan sama ba ya bugu, a sa 'yan ƙananan itace biyu a baya su raba shi da bango saboda gara.