Tsohon da Ya Ƙi Gidan Sarki

Karatunmu na wannan mako yana cikin II Samu'ila sura 19, daga aya 31 zuwa 39. Sai wani ya karanta wa jama'a da ƙarfi tukuna, kāna a bi bayanin.

Sa'anda Dawuda ya gudu daga gaban ɗansa Absalom, ya sauka a Mahanayim, a ƙetaren Urdun, shi da mutanensa cikin yunwa da gajiya. Cikin waɗanda suka tarye shi da gadaje da hatsi da zuma da tumaki akwai Barzillai mutumin Gileyad, attajiri ne daga Rogelim. Da yaƙi ya ƙare, sarki ya kama hanyar gida, tsohon nan ya rako shi har bakin kogi. Dawuda ya so ya sāka masa da alheri, ya kira shi ya zo Urushalima ya zauna, sarki ya riƙa ciyad da shi. Wa zai ƙi gidan sarki? Amma Barzillai ya ƙi. Shekararsa 80, ya ce bakinsa ba ya rarrabe daɗin abinci, kunnensa kuwa ya daina jin mawaƙa, ba ya so ya zama kaya a kan sarki. Abin da ya roƙa ke nan, a bar shi ya koma ya mutu a garinsu, kusa da kabarin ubansa da uwarsa, a tafi da Kimham maimakonsa.

Mu lura da abin da Dawuda ya yi. Shi sarki ne, maganarsa doka ce, nufinsa kuma mai kyau ne. Duk da haka bai yi gardama da tsohon ba, bai ce tsufa ne ya ruɗe shi ba. Ya sumbace shi, ya sa masa albarka, ya sallame shi.

Wannan al'amari na barin tsoho ya faɗi inda zai zauna da yadda za a bi da shi, shi ne ya ke damun masu kula da tsofaffi har wa yau. A Ingila akwai wani irin gida da a ke gina wa waɗanda ƙarfinsu ya fara ragewa. Kowane tsoho yana da sashensa, da wurin dafuwa da makewayi, mabuɗin ƙofa kuma yana hannunsa, gama haya ya ke biya ko kuwa saya ya yi. Ma'aikata suna cikin ginin dare da rana. In ya danna ƙararrawa sai a zo. Tun 2009 akwai hukuma mai suna CQC wadda ta ke bincika masu aikin kulawa. A irin gidajen nan ba ginin ta ke dubawa ba, aikin ta ke aunawa: ko tsohon yana cikin tsaro, ko taimakon yana amfaninsa, ko da tausayi a ke yi, ko ana sauraron bukatarsa, ko shugabanni suna riƙe da aikin sosai.

A ganinmu sun kama bakin zaren. Gida ya kan yi kyau ƙwarai, amma ma'aikaciya ta faɗa ɗaki ba sallama, ta yi wa tsohuwa wanka a lokacin da ya yi mata daidai ita, ta fita ba ta ko tambayi kwana ba. Gobe kuma wata baƙuwar fuska ce. Gaggawa ita ce babbar cutar wannan aiki. Don haka a 2015 wata hukumar lafiya ta ƙasar, watau NICE, ta ba da shawara kada ziyarar mai kula da tsoho a gidansa ta kasa minti 30 sai da dalili.

To, 'yan'uwa, mu juyo kanmu. Da yawa cikinmu neman abinci ya kawo mu Ikko da Ibadan da Fatakwal. In Allah ya buɗa mana, sai mu aika a ɗauko Inna daga ƙauye, mu ajiye ta a bene hawa na 3. Ba ta jin harshen maƙwabta, gwiwa ba ta barinta ta sauka, yara suna makaranta, mu muna wurin aiki. Macen da dā ba a suna ko biki a unguwa sai da ita, yanzu ta wuni ita da talabijin. Mu kuwa muna cewa ba abin da ta rasa. Mun yi niyyar Dawuda, amma ba mu tsaya mun ji amsar Barzillai ba. Hakika akwai lokacin da ciwo ya kan sa tilas a ɗauko tsoho, ba mu musun wannan. Ko a sa'an nan ma yana da bakin magana a kan abincinsa, da wanda zai yi masa wanka, da 'yan kuɗinsa, da inda ya ke so a binne shi.

Ekklisiya kuma tana da nata rabo. Cikin Ayyukan Manzanni sura 6, an yi gunaguni domin ana tsallake gwauraye masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Abincin yana nan, kula ce ta kasa. Manzanni ba su tsauta wa masu ƙara ba. Suka sa aka zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, aka danƙa masu aikin, sunayensu duka kuwa na Helenanci ne. Ashe bincika yadda a ke riƙon tsofaffi aikin ekklisiya ne tun daga farko.

Kafin taro na gaba, bari dattawa da zumuntar mata su rubuta sunan kowane tsoho da ya daina zuwa sujada, a raba su, mutum 2 ga kowane gida. In kun je, ku yi sallama ku jira a amsa. Ku zauna, kada ku gaisa a tsaye. Ku tambayi tsohon da kansa, in ya yiwu ba a gaban mai riƙonsa ba, gama da wuya ya faɗi damuwarsa a kan idon mai ba shi tuwo. Ku gaida mai riƙon kuma, ku tambaye ta ko wace rana za a karɓe ta ta huta.