Wayar Lantarki A Gidan Haya: Amanar Tana Wuyan Wa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Kwanan baya na kai ziyara unguwar Dukawuya, can yammacin birnin Kano, kusa da Ƙofar Kabuga, sai sallar La'asar ta riske ni a wani masallacin unguwa. Da aka idar muka zauna a dakali, sai na tarar ana sulhu tsakanin wani dattijo mai gidan haya da wani magidanci da ke zaune a gidan nasa. Ƙorafin ɗan hayar shi ne soket ɗin ɗakinsa yana zafi, wani lokaci har iyalinsa su ji ƙaurin roba cikin dare, ya kuwa roƙi dattijon ya kira mai gyaran wuta ya binciki wayoyin gidan gaba ɗaya, ya ƙi. Dattijon, wanda ba jahili ba ne, ya kawo hujjoji uku. Ya ce tun zamanin NEPA aka ja wa gidan wuta, bai taɓa ƙonewa ba. Ya ce ya karanta Muhtasar da ƙuruciya, ya san ba a tilasta wa mai gida gyara. Sa'an nan ya rufe da cewa gobara ƙaddara ce, in ta zo ba mai tare ta.

Waɗannan hujjoji ba shi kaɗai ke riƙe da su ba, saboda haka na ga ya kamata mu auna su ɗaya bayan ɗaya a wannan fili namu na yau.

Mu fara da ta farko. Daɗewar waya a gida ba shaidar lafiyarta ba ce, shaidar tsufanta ce. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, tun 2013 kuma kamfanin KEDCO ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Watau wayar da dattijon ke alfahari da ita ta ga hukumomi uku. A lokacin da aka ja ta, abin da za ta ɗauka bai wuce ƙwayayen fitila kaɗan da fanka da rediyo ba, iyali ɗaya ne kuma a gidan. Yau an rarraba gidan ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya, kowane da firjinsa da dutsen gugarsa da hitar dafa ruwa, wani ma har da injin jan ruwa. Ita kuwa waya, kowane kauri da iyakar abin da zai iya ɗauka. In aka ɗora mata fiye da ƙarfinta sai ta yi zafi, robar da ta lulluɓe ta ta bushe ta tsattsage, ranar da tsirara biyu suka haɗu sai tartsatsi. Domin haka ne aka yi fis, siririyar wayar da ke ƙonewa da gangan don ta yanke wuta kafin babbar ta kama. To amma sau nawa muka ga fis ya ƙone, an sami wayar tagulla mai kauri an naɗa a madadinsa don kada ya sake damun kowa? Wanda ya yi haka ya sallami maigadi ke nan, ya bar ƙofa a buɗe. Ƙara da mahaɗar da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda a cikin silin, da janareton da aka jona ba tare da makunnin canja layi ba, da gidan da ba a binne masa wayar ƙasa ba balle ta janye wuta in ta zubo jikin firji. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ɗan haya zai gani ran da dillali ya zagaya da shi. Fenti zai gani da daɓe.

Hujja ta biyu ita ta fi nauyi, domin akwai gaskiya a cikinta. Lalle a Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda shi ne madogarar alƙalanmu a mazhabar Maliku, a babin hayar gidaje an nuna cewa ba a tilasta wa mai ba da haya yin gyara. In lalacewar mai cutarwa ce, ɗan haya yana da zaɓi, ko ya zauna ko ya warware hayar ya tashi. Dattijon bai yi wa littafi ƙarya ba. Sai dai ya tsaya a babi ɗaya, littafin kuwa bai ƙare a nan ba. Can gaba, inda ake bayanin wanda lamunin ɓarna ke hawa kansa, Shaihun ya jera waɗansu misalai, uku daga ciki kamar don gidan dattijon aka rubuta su. Na farko mai magani da ya yi aiki da jahilci ko ya yi sakaci. Na biyu wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi har ta ci dukiyar mutane. Na uku mai katangar da ta karkata, aka gargaɗe shi, yana da halin gyarawa bai gyara ba, har ta faɗa wa wani. Dukansu abin da ya salwanta yana wuyansu.

Ashe ke nan magana biyu ce. Akwai abin da ɗan haya zai iya ƙwata a gaban alƙali saboda yarjejeniyar haya, akwai kuma abin da ke hawa kan mutum saboda dukiyarsa ta cuci wani. Mai gida yana iya ƙin yi wa ɗaki fenti, ba wanda zai kama shi. Amma tsohuwar waya ba fenti ba ce, 'yar'uwar karkatacciyar katanga ce. Zaɓin da aka ba ɗan haya ma, na ya zauna ko ya tashi, ba ya amfani sai in ya san aibin. Yaya mutum zai zaɓi tashi saboda abin da ke ɓoye cikin bango? Imamu Muslim ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi a kan me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Haya kuwa, a wurin malamai, sayar da amfani ce. Wanda ya karɓi kuɗin shekara a kan ɗaki, kwanan lafiya ya sayar.

To, a nan ne tambayar da ta fi wuya take. Katanga in ta karkata kowa na gani, maƙwabta su yi gargaɗi, a kafa shaidu. Waya kuwa a ɓoye take. Mai gida na iya rantsewa cewa bai san da wani aibi ba, kuma ya yi gaskiya. Shin rashin saninsa ya wanke shi?

Abin da na fahimta shi ne rashin sani iri biyu ne. Akwai na wanda ba shi da hanyar sani, wannan Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta. Akwai kuma na wanda hanyar sani ke gabansa ya kau da kai, domin ya san in ya duba zai ga abin da zai ci masa kuɗi. Wannan na biyu ƙin sani ne, mutum ne ya ƙirƙire shi da hannunsa, ba kuwa a kafa uzuri da abin da mutum ya jawo da gangan. Ɗan kasuwar da ya ƙi ƙirga dukiyarsa don kada ya ga ta kai nisabi, zakka ba ta faɗi a kansa ba. Haka mai gidan da ya ƙi kiran gwani don kada a ce masa a sake waya. Balle ma dattijon namu gargaɗi ya riga ya iso masa. Soket mai zafi gargaɗi ne, ƙaurin roba gargaɗi ne, fis mai yawan ƙonewa gargaɗi ne, ga kuma ɗan haya ya faɗa masa a gaban jama'ar masallaci. Shaidun da ake nema a kan mai katanga ai sun cika.

Saura hujjar ƙaddara. Ba Musulmin da ke musun cewa abin da Allah Ya rubuta sai ya auku. Amma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da aka ba Annabi labari, bai tsaya ga ambaton ƙaddara ba, sai ya bayyana wa sahabbai cewa wuta abokiyar gaba ce, ya umarce su da kashe ta in za su kwanta. Fitilar wancan zamani a fili take, ana hure ta da baki. Tamu tana gudana cikin bango, sau da yawa ma sai an kwanta ake maido da ita, ta tarar da dutsen guga a jone. Hure irin wannan fitila shi ne a tabbatar wayarta lafiya take. Wanda ya bar sababi ya ce tawakkali yake yi, da ran 'ya'yan wani yake yin sa, shi kuwa yana barci a wani gida daban.

Kada kuma mu manta da maƙwabta. Wanda ya san lungunan cikin birni ya san katanga ɗaya ke raba gida da gida, ya san akwai inda motar 'yan kwana-kwana ba ta iya shiga, ga tagogi duk an datse su da ƙarfe saboda ɓarayi, ga katifun soso, ga iskar hunturu. A birnin Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, wuta ta tashi daga firjin gida ɗaya a dogon benen Grenfell, mutum 72 suka rasu. A Ingila ɗin, tun 2020 doka ta wajabta wa masu ba da hayar gidaje su sa ƙwararre ya binciki wayoyin gida aƙalla sau ɗaya a kowace shekara 5, su ba ɗan haya takardar sakamakon cikin kwana 28, su kuma gyara abin da aka gano. Mu ma nan Nijeriya akwai hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa don binciken ayyukan lantarki da ba masu aikin takardar shaidar ƙwarewa. Amma Musulmi bai kamata ya jira sai mai bincike ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Maliku tun fiye da shekara dubu kafin a san lantarki.

Wani zai ce, Malam, kana magana kamar duk mai gidan haya attajiri ne. Gaskiya ne, da yawansu gwauraye mata ne da 'yan fansho da marayun da suka gaji ɗaki biyu, da kuɗin hayar suke cin abinci. Shari'a ba ta manta da su ba. Bincike daban, sake waya daban, na farko bai kai na biyu tsada ba, sau da yawa kuma gyaran bai wuce mahaɗa biyu da fis na ƙwarai ba. In aikin ya fi ƙarfin mai gida, malamanmu sun halatta a yi sharaɗin gyara daga cikin kuɗin hayar da ya wajaba, ɗan haya ya gyara a cire masa. In wannan ma bai yiwu ba, to a yanke wuta daga sashen da ke da haɗari, a gaya wa mai shiga gaskiya, a rage masa kuɗi gwargwado. Talauci yana iya hana mutum gyara, amma ba ya hana shi faɗin gaskiya.

Sauran jama'a ma kowa da rabonsa. Ɗan hayan da ya ja waya da kansa daga ɗakin maƙwabci, ko ya jona hita uku a soket ɗaya, ya ci amanar gidan da aka ba shi, abin da ya biyo baya kuma yana wuyansa. Mai gyaran wutar da bai iya ba ya ce ya iya, ko ya karɓi kuɗin waya mai kyau ya sa jabu, hukuncinsa na jahilin mai magani ne. Wanda kuma ya sa hannu a takardar cewa gida lafiya lau alhali bai ko leƙa silin ba, shaidar zur ya yi, ita kuwa tana cikin manyan zunubai. Ga masu unguwanni da limamai, da ma a ce duk sa'ad da aka zo gabansu ƙulla haya ko sulhu, su riƙa tambaya yaushe rabon da a duba wayar gidan, kamar yadda suke tambayar kuɗi nawa ne da wata nawa.

Shawarata ga masu gidajen haya ita ce, duk lokacin da ɗan haya ya fita, kafin wani ya shiga, a kira wanda ya san aikin, mai takardar shaida, ya auna wayoyin da na'urarsa, ya duba fis da mahaɗai da wayar ƙasa. A maimaita bayan 'yan shekaru ko ba a ga alamar kome ba, a kuma gaya wa mazauna abin da aka gani. Rigakafi ya fi magani, gobara kuwa ba ta ma cika barin wanda za a yi wa maganin ba.

Da na gama faɗa wa dattijon irin wannan bayani a taƙaice, sai ya yi shiru, can ya ce shi babin haya ya riƙe, na katanga ya shige masa. Na ce, Baba, duk muna mantuwa, amma yanzu an tuna maka, an kuwa yi a gaban shaidu. Allah Ya ba shi ikon gyarawa, mu ma Ya ba mu.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu da maƙwabtanmu daga wutar duniya da ta lahira, Ya jiƙan waɗanda gobara ta yi ajalinsu, Ya sa kada haƙƙin wani ya kwana a wuyanmu, amin.