Jin Sauƙi Shi Ne Warkewa?

Ya masu karatu, ga tambaya. In mutum ya ji sauƙi, ya bar shan magani kafin kwanakin da likita ya yanka masa, laifi ya yi, ko kuwa ruwansa ne shi kaɗai?

Zazzaɓin sauro iri iri ne. Wanda ya fi yawa a ƙasarmu, in magani ya kashe ƙwayoyinsa cikin jini, shi ke nan. Amma akwai wani iri, likitoci suna ce da shi baibaks, ya yi yawa a Indiya da Pakistan da Habasha da Barazil. Shi wannan ya kan bar waɗansu ƙwayoyi suna barci cikin hanta. Bayan makonni ko watanni sai su farka, zazzaɓi ya komo, ko da sauro bai sāke cizon mutumin ba. Ɗan'uwansa obale, wanda a ke samu a Afirka ta Yamma, haka ya ke yi.

Kulorakwin na kwana 3 ya kan wanke jini, amma ba ya taɓa masu barci. An kashe maciji ke nan, ba a sare kansa ba. Mai sare kan shi ne firimakwin, wanda aka riƙa ba sojan Amurka sa'ad da su ke komowa daga yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953. A kan sha shi kwana 14, waɗansu wurare kwana 7. Nan fa wuyar ta ke, gama jiki ya riga ya yi sanyi, gona kuwa tana kira.

Mai barin magani ya kan ce, ai jikina nawa ne. Gaskiya ne, amma ƙwayar ba ta san haka ba. Ran da ta farka ta shiga jini, sauro zai ɗauka ya kai wa jaririn maƙwabci. Ashe sauran kwanakin nan bashi ne, mutanen gari su ke binsa.

Duk da haka kada mu ɗora wa majinyaci kayan duka. Akwai waɗanda aka haifa da ƙarancin wani abu cikin jini, sunansa G6PD. Firimakwin ya kan farfasa jajayen ƙwayoyin jininsu, har ran mutum ya shiga hatsari. Saboda haka a ke auna jini tukuna, ba a kuwa ba mace mai ciki. Wanda ya ga fitsarinsa ya yi baƙi, sai ya dakata ya nemi likita. Wannan hankali ne. Masu ba da magani kuma tilas su yi bayani sosai, su sauƙaƙe hanya. A 2018 aka yarda da tafenokwin a Amurka, wanda a ke sha sau ɗaya tak, shi ma bayan awon jini.

To, mai lafiyar shan magani, in an ce masa kwana 14, ya cika su, ya tuna da barcin da ke cikin hantarsa da kuma yaran da ke kwana bayan dangarsa.