Teɓa Ba Shaidar Albarka Ba Ce

Karatu: 1 Korantiyawa 6:19-20

Ɗan'uwana, 'yar'uwata a cikin Almasihu, mu a nan Gwarzo da Kabo idan mutum ya dawo daga birni ya ajiye teɓa, sai mu tare shi da murna, muna cewa, "Kai, Allah ya buɗa maka!" Amarya kuwa in ta yi shekara a ɗakinta ba ta yi ƙiba ba, sai dangi su fara zargin miji. Lalle Ubangiji yana buɗa wa 'ya'yansa. Amma Manzo Bulus ya tuna mana cewa jikin nan haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, an kuwa saye shi da tsada. Ba naka ba ne da za ka yi ta labta masa kaya yadda ka ga dama.

Ka san aikin da kitse yake ba zuciyarka? Duk naman da ya ƙaru a jiki yana neman jini, sai zuciya ta ƙara ƙarfin turawa, dare da rana, ba hutu. Kitsen tumbi ya fi kowanne illa, domin yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, jini ya ƙara yawa, ya yi ta matsa wa jijiyoyi. Wannan shi ne hawan jini. Idan aka auna ka sau da dama ana samun 140 bisa 90 ko fiye, ya kama ka, ko da kana jin garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu ciwon ba su ma san suna da shi ba. Wani sai ranar da ya faɗi a gona, ɓarin jiki ya shanye, sa'an nan mu taru muna tsauta wa kibiyar maƙiya. Wani kuma ƙoda ce ke mutuwa, a koma jigila zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ana wankin ƙoda, har a sayar da gona. (Siriri ma kada ya yi dariya, shi ma yana kamuwa, musamman in akwai ciwon a dangi.)

Iyayenmu da ƙafa suke zuwa gona da kasuwa. Mu kuwa ko sujada ce a bayan gida sai mun hau babur. Ga azumin farkon shekara: mu yini muna kuka ga Ubangiji, da yamma mu rama da soyayyen nama, da lemon kwalba, da miyar da aka jefa wa magi biyar. Gishirin da babban mutum zai ci a yini bai kamata ya kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin magi. Kamunkai ɗiyan Ruhu ne, bai kuwa tsaya a bakin ƙofar madafa ba.

Ka ɗauki awon tela ka zagaya cikinka daidai cibiya. Namiji in ya wuce inci 40, mace inci 35, akwai haɗari. Ka rage tuwon dare, ka yawaita zogale da rama, ka yi tafiya da sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako. Kilo biyar kawai in ka sauke, awon jininka zai nuna.

Ku da likita ya riga ya ɗora ku a kan magani, ku ji ni da kyau. Na gaskata da warkarwa cikin sunan Yesu, ina kuma ɗora wa marasa lafiya hannu. Amma kada ka zubar da ƙwayoyinka don an yi maka addu'a a taron farkawa. Allah da kansa ya yi wa Sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, duk da haka Annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. In ka gaskata ka warke, tafi Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin da ke kusa da kai a sake auna ka. Likita ne zai ce a rage magani ko a daina, sa'an nan ka kawo katinka ka ba da shaida a gaban ikkilisiya.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni ikon mallakar cikina, ka taɓa 'yan'uwanmu da ke kwance da shanyewar jiki, ka ƙarfafa masu jinyarsu, cikin sunan Yesu. Amin.