GAREJI ƊAYA, BUƘATA BIYU: INA IYAKAR IKON MAIGIDA?



Yau maganarmu a kan gareji ce. Na san wani zai ce, Malam, duk matsalolin da suka dami al'umma sai gareji? To ai yawancin rigimar gidajen aure daga irin waɗannan ƙananan abubuwa take tasowa. Ba a cika samun miji da mata suna faɗa a kan aƙida ba, amma a kan wurin ajiye firiza sai a yi sati ba a gaisa da fuska a sake ba.

Ga yadda lamarin yake. Magidanci ya iya aikin kafinta, ko ya koya bayan ya yi ritaya, ko albashi ya daina kai wata yana neman abin da zai ƙara da shi. Hayar shago a bakin titi ta yi tsada. Sai ya duba ya ga ga gareji a gidansa, ya ce a nan zan kafa teburin aiki, in sa injin yanka katako, in riƙa yin kujeru da gadaje da kantoci. Ita kuma uwargida ta daɗe da mallake wurin a aikace: nan firizarta take wadda take sayar da ƙanƙara da zoɓo, nan buhunan hatsi suke, nan ragowar kayan ɗakinta, wataƙila ma nan take ajiye motarta. Shi yana ganin fili ne da ba a amfani da shi. Ita tana ganin rabin harkarta ce za a fitar tsakar gida rana ta doka.

Tambayar ita ce: idan gidan nasa ne, shi ya gina da kuɗinsa, shin sai ya nemi yardarta? Kuma idan ya yi gaban kansa, ya yi laifi ko bai yi ba?

Mu fara da abin da yake a fili. Mallaka tana da hukuncinta. Idan gidan na matar ne, ta gada ko ta saya, to ko ƙusa ɗaya ba shi da ikon bugawa a bangon garejin sai da izininta, domin aure ba ya mayar da dukiyar mace ta zama ta miji. Idan sun haɗa kuɗi sun gina, abokan tarayya ne, kuma abokin tarayya ba ya sarrafa abin da aka haɗa shi kaɗai. Idan gidan haya ne, akwai mutum na uku, wato mai gidan, wanda ya ba da hayar wurin zama, bai ba da ta masana'anta ba. Idan kuwa gidan na mijin ne kacokan, abin da shari'a ta wajabta masa shi ne ya ba ta mazauni da ya dace da irinta, inda za ta samu sutura da aminci. Gareji ba lallai ya shiga cikin wannan wajibin ba. Saboda haka in alƙali za a je wa, mai yiwuwa maigida ne zai yi nasara.

Amma fa zaman aure ba a gaban alƙali ake yin sa ba. Allah Ya umarci maza a Suratun Nisa'i, aya ta 19, da su zauna da matansu da kyautatawa, kuma kyautatawa ta wuce iyakar abin da kotu za ta iya tilastawa. Mutum zai iya zama yana da iko a kan abu, kuma ya yi zalunci a yadda ya yi amfani da ikon. Wanda ya fitar da firizar matarsa waje ba tare da ya ce mata uffan ba, ba a kama shi da sata ba, amma ya karya wani abu da ya fi firizar tsada.

Ku duba aya ta 233 a Suratul Baƙara. Maganar yaye yaro ake yi kafin ya cika shekara biyu, sai Allah Ya rataya halascin hakan a kan abu biyu: yardar uwa da uba, da kuma shawara a tsakaninsu. Uba ne mai ciyarwa, shi ne shugaban gida, amma ba a bar masa hukuncin shi kaɗai ba, saboda abin ya shafi jikin uwar da lafiyar ɗan. Darasin da za mu ɗauka shi ne, duk abin da nauyinsa zai faɗo a kan mutum biyu, to bakin mutum biyu ya kamata ya shiga ciki.

Kuma nauyin shagon kafinta a cikin gida, gaskiya a kan matar ya fi faɗowa. Bari mu yi lissafi. Garejin mota ɗaya yawanci bai wuce ƙafa 10 a faɗi da ƙafa 20 a tsawo ba. Falankin filawud guda ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8. In za ka tura shi ta kan injin yanka a tsawonsa, kana buƙatar ƙafa 8 a gaban injin da ƙafa 8 a bayansa. Ka ga ƙafa 16 sun tafi, ba a yi maganar teburin aiki da tarin katako da kujerun da ake jira fentinsu ya bushe ba. Don haka maigidan da yake cewa "ɗan lungu kawai nake so", ko dai bai auna ba, ko kuma yana so ya sa ƙafa ɗaya ne tukuna, sauran jikin ya biyo baya.

Sai ƙura. Garin katako ba ya tsayawa inda aka yanka shi. Yana bin iska ya sauka a kan shanya, ya shiga kicin, ya kwanta a kan tabarmar da jariri yake rarrafe. Tun a 1995 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ga ɗan Adam, musamman ta cikin hanci, ga masu daɗewa suna shaƙarta. Mai asma kuwa ba sai an ba shi labari ba. Sai fenti da tina, masu kama wuta da wuri, a ɗaki ɗaya da busasshen garin katako da jarkar man janareta. Shi kansa janaretan, in aka tayar da shi a rufaffen gareji, hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. Sai ƙarar inji a lokacin da yara suke barcin rana, ko maƙwabci ba shi da lafiya. Sai kuma abin da mata suka fi ji a jikinsu, maza kuma suka fi mantawa: yaran shago da masu sayen kaya za su riƙa kai da kawo a bakin ƙofar gida tun safe har magariba. Matar da take fitowa tsakar gidanta da ɗankwali kawai, yanzu sai ta saka hijabi kafin ta je famfo.

Wa zai share ƙurar? Wa zai riƙa korar yara daga wurin zarto? Wa zai yini cikin ƙarar? Ita ce. To ta yaya za a ce ba ta da ta cewa? A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, Allah Ya hana a cutar da mata a mazauninsu don a ƙuntata musu, alhali maganar matan da aka saka ake yi, suna cikin idda. In wadda aka saka tana da wannan kariyar, ina ga wadda kuke tare, tana dafa maka tana renon 'ya'yanka?

Wani zai ce, to Malam, ina shugabancin namiji? Ba Allah ne Ya ɗora maza a kan mata ba? Haka ne, kuma ba mai ja da aya ta 34 a Suratun Nisa'i. Amma wa ya fi Manzon Allah (SAW) shugabanci? A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, bayan an gama rubuta sulhu, ya umarci sahabbai su yanka hadayarsu su yi aski. Baƙin cikin sharuɗɗan sulhun ya sa ba wanda ya motsa. Ya shiga wurin Ummu Salama (RA) ya gaya mata. Ta ba shi shawara ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya yanka nasa, ya kira mai aski. Ya yi hakan, sahabbai suka tashi suka bi. Shawarar mace ce aka karɓa a lamarin da ya shafi al'umma gaba ɗaya. Kai kuma a lamarin gareji kana ganin tambayar matarka zubar da girma ne?

Sai dai akwai shawara, akwai sanarwa. In ka riga ka sayo inji, ka biya mai kawo katako, ka ɗauki yara biyu, sannan ka shigo da daddare ka ce, "Maman yara, me kika gani game da garejin nan?", wannan sanarwa ce aka yi mata kwalliya. Alamar shawara ta gaskiya ita ce amsar da za a ba ka tana iya canza abin da za ka yi. Haka kuma yardar da aka samu ta hanyar ɗaure fuska, ko barazanar ƙaro aure, ko kiran mahaifiyarka ta sa baki don kunya ta hana matar magana, ba yarda ba ce. Ko a maganar sadaki, abin da Allah Ya halatta wa miji ya ci shi ne wanda matar ta bayar da daɗin rai. "To, yadda ka ce" da aka faɗa ana haɗiye hawaye, Allah Ya san ba daɗin rai ba ne.

Yanzu bari in juyo gare ki, 'yar uwa. Sana'ar da mijinki yake so ya kafa sana'a ce mai daraja. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne. Annabi Nuhu (AS) da hannunsa ya sassaƙa jirgi. Mijin da yake neman inda zai kafa teburin aiki ya fi wanda yake yini a majalisa yana jiran wani ya ba shi. In abin da zai fito daga garejin nan shi ne cefanen gida da kuɗin makarantar yara, to ki sani hana shi don tukwanen da kika shekara biyar ba ki buɗe ba, rowa ce. Kuma ko da ba don kuɗi yake so ba, sha'awa ce kawai ta aikin hannu, wannan ma ba abin raini ba ne. Namijin da ya samu abin da yake hutar da ransa na halal a cikin gidansa, ki gode wa Allah. Ki faɗi ainihin abin da yake damunki. In ƙura ce, ki ce ƙura ce. In maza a bakin ƙofa ne, ki ce shi ne. "Ni dai ban yarda ba" ba ta ba shi abin da zai gyara.

Kai ma ka tuna sana'arta sana'a ce. Uwar muminai Zainab bint Jahsh (RA) tana aikin hannu, tana jima tana ɗinkin fata, ta yi sadaka da abin da ta samu. Ƙanƙarar da kake rainawa, sau nawa ta cike giɓin cefane ba ka sani ba?

To idan an zauna an yi shawara kuma ba a daidaita ba fa? Malaman usulu sun bar mana ma'auni. Larura tana gaban buƙata, buƙata tana gaban ƙawa, kuma tunkuɗe cuta yana gaban jawo amfani. In shagon shi ne abincin gidan, kayanta kuma ajiya ce kawai, shago ya rinjaya. In shagon na nishaɗi ne, firizarta kuma ita take biyan kuɗin Islamiyya, firiza ta rinjaya. In akwai mai asma a gidan, ko garejin ba shi da ƙofa sai ta cikin gida, to lafiya da sutura sun rinjayi su biyun, a nemi wani wurin. Wanda kuma aka ba shi wurin, shi zai ɗauki nauyin wanda aka tayar. Ka karɓi gareji? To ka kafa mata rumfa mai kyau a bayan gida, ka ja mata wuta zuwa inda firizar za ta koma, ka haɗa mata kantoci. Kai ne fa kafintan. Aikin farko da zai fita daga shagon nan ya zama nata.

Sau da yawa ma ba sai wani ya fita ba. A sa wa teburin aiki tayoyi a riƙa tura shi jikin bango. A rataye kayan aiki a bango maimakon a baza su a ƙasa. A kai manyan falankai a yanko su a wurin masu inji a kasuwar katako, a gida a yi haɗawa kawai. A yi fenti a waje. A toshe ƙofar da ta haɗa gareji da cikin gida, masu saye su tsaya ta titi. Janareta a fili, nesa da taga. A sa lokaci: ba inji kafin hantsi, ba inji bayan magariba. A yi gwaji na wata uku, sannan a sake zama. Kuma abin da aka yi alkawari a cika shi, domin Musulmi yana nan a kan sharaɗin da ya ɗauka, ko da matarsa ya ɗaukar wa. Mafi yawan ɓacin ran da ke biyo baya daga nan yake: an ce rabin gareji, bayan wata biyu katako ya kai har bakin ƙofar kicin.

Aya ta 128 a Suratun Nisa'i ta yabi sulhu tsakanin ma'aurata, kuma a nan take ta ambaci rowar da take tare da rayuka. Rowar nan ba a kuɗi kaɗai take ba, har da wuri, har da son a ce maganata ce ta tabbata. Kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya binciki takardar gida.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya sa albarka a sana'o'in mazanmu da matanmu, Ya raba mu da zaluntar waɗanda suke ƙarƙashinmu. Wallahu a'alam.