Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Karatu: Farawa 26:12-33, Yahaya 4:1-15

A ƙafata ta hagu, ɗan sama da idon sawu, akwai tabon da nake ɗauke da shi tun ina yaro. Tabon kurkunu ne. Yaran da ke makarantar Lahadi a yau ba su san wannan suna ba, ina kuwa yi wa Ubangiji godiya da ba su san shi ba. Mu mun san shi. Mutum ya sha ruwan tafki a bana, sai baɗi ƙafarsa ta yi ƙurji mai zafi kamar garwashi, farar tsutsa ta leƙo, a riƙa naɗe ta a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Sau da yawa kuma da damina take fitowa, lokacin da gona ke jiran fartanya, magidanci yana kwance a zaure yana kallon ciyawa tana cinye masa gero.

Da aka yi ƙidayar masu wannan ciwo a Nijeriya wajen shekarar 1988, an sami mutum fiye da dubu ɗari shida. A 2008 aka ga na ƙarshe, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙasar ta rabu da shi. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda ya daɗe yana koyarwa a makarantar Lahadi ta garinsu, da Janar Yakubu Gowon sun yi ta zagaya ƙauyuka a kan wannan aiki. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, ba allura ce ta kashe kurkunu ba, ba kuma ƙwaya ba, domin ba shi da ko ɗaya. An kashe shi da ƙyallen tace ruwa, da sababbin rijiyoyi, da kuma roƙon mai ciwo kada ya tsoma ƙafarsa a tafkin da jama'a ke sha. Wanda ya tsoma ƙafarsa don ya ji sanyi, ya shayar da gari duka ciwon baɗi. Tun daga nan na soma gane cewa a sha'anin ruwa babu mai tsira shi kaɗai.

Amma sanin abu daban, gwaji daban. Nawa gwajin ya same ni ne a wata ƙaramar ikilisiya da na yi wa hidima a wani ƙauye kusa da Ƙofa, a ƙasar Kusada. Wanda ya san yankinmu ya san dutse ne a ƙarƙashin ƙasar. Da zarar bazara ta kama, rijiyoyin hannu sai su ja da baya, guga ya riƙa fitowa da laka, mata su tashi tun kafin asuba su je su tona yashin rafi suna jiran ruwa ya tsattsafo. Sai wasu 'yan'uwa daga wata ikilisiyar birni suka haɗa baiko suka haƙa mana rijiyar burtsatse mai famfon tuƙa-tuƙa a gefen majami'a. Muka yi sujadar godiya, zumuntar mata suka yi waƙa. Kafin mako ya zagayo, layin jarkoki ya kai bakin hanya: namu, da na maƙwabtanmu Musulmi waɗanda su ne mafi yawa a garin, da na Fulanin da ke rugagen gefe. Bayan 'yan watanni famfon ya tsaya. Robar ciki ta cinye, sarƙa ta tsinke, asusun ikilisiya kuwa bai kai kuɗin makaniki ba.

Muka zauna da dattawa. Babba a cikinsu, mutumin da ya girmi mahaifina, ya gyara zama ya ce, "Fasto, maganata ɗaya ce. In an gyara, a sa kwaɗo. Mu aka ba, mu kaɗai za mu biya gyara. Masu ɗiba ba su san zafin aljihunmu ba. Ga shanu suna tattake wurin. Ga shi kuma zamani ya lalace, ba ka san wanda ke shigowa harabar majami'a da sunan ƙishirwa ba." Wani matashi mai himmar bishara ya ɗaga hannu ya ce, "A'a Baba, kada a kulle. A bar shi a buɗe, amma a kafa lasifika a wurin, duk mai ɗiba ya ji wa'azi kafin ya tafi. Allah ne ya kawo mana su har gida."

Na koma gida da maganganun nan biyu, na kwana ina juya su. Dukansu masu tsoron Allah ne, kuma kowannensu yana da gaskiya a hannu. Tambayar ita ce: idan Allah ya ba ikilisiya rijiya, ta wa ce?

Mu fara da kwaɗo. Mu Hausawa muna da labarin da kowane ɗan makaranta ya sani, na rijiyar Kusugu da ke Daura, a nan jiharmu. An ce maciji ne ya tare ta, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo ya zo ya kashe shi. Ko mutum ya ɗauki labarin tarihi ko ya ɗauke shi almara, abu ɗaya a fili yake: da kakanninmu suka so su zana siffar mugun abu, sai suka zana mai zama a bakin rijiya yana hana ruwa. Littafin Farawa ma haka ya nuna. Filistiyawa sun ji kishin Ishaku, ba su ƙone masa alfarwa ba, sai suka cike rijiyoyin mahaifinsa Ibrahim da ƙasa. Ya sake tonawa, makiyayan Gerar suka yi masa gardama, ya sa wa rijiyar suna Esek. Ya matsa ya tona wata, suka sake tasowa, ya kira ta Sitna. Sai a ta uku aka ƙyale shi, ya sa mata Rehobot, wato wuri mai yalwa. Ishaku yana da bayi da dukiya, da ya so ya tsare rijiyarsa da sanda da ya iya. Bai yi ba. Na ji tsoro ƙwarai kada a wayi gari yaran garinmu su girma suna tuna majami'a a matsayin gidan da ke da ruwa a bayan kwaɗo.

Duk da haka ba zan yi wa dattijon nan rashin adalci ba. Ubangijinmu da kansa, a Luka sura 14, ya yi maganar mai ginin da bai zauna ya lissafta kuɗin aikinsa ba, har ya zama abin dariya. Ku bi hanya daga Kankia zuwa Kusada, ku shiga ƙauyukan da ke gefe, ku ƙirga famfunan da suka mutu, hannuwansu sun yi tsatsa, allon sunan wanda ya bayar yana nan tsaye kamar alamar kabari. Ba a rasa masu bayarwa ba. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ce nawa ne ranar da ya lalace. Ko manyan ayyuka ba su tsira ba: madatsar ruwa ta Zobe da ke Dutsin-Ma an kammala ta tun 1983, amma sai da aka shafe shekaru masu yawa kafin ruwanta ya soma isa famfunan jama'a. Alherin da ba a yi masa tsari ba, ƙarshensa a koma kududdufi, wanda kuwa zai fara komawa shi ne talakan da ba ya iya sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa. Shi ma labarin Ishaku ba a kan haƙuri kaɗai ya ƙare ba. Ya ƙare ne da zama: Abimelek ya zo, aka ci abinci, aka ƙulla alkawari, a ranar nan kuma bayi suka kawo labarin sun sami ruwa.

Shawarar matashin ta fi wuyar amsawa, domin ta yi kama da ibada. Ni mai wa'azi ne, babu abin da nake so kamar a ji sunan Yesu. Amma ku dubi yadda shi Yesun ya yi a bakin rijiyar Yakubu. Da tsakar rana ya iso a gajiye, ba shi da guga. Shi ne ya fara roƙo, wurin mace kuma, Basamariya, wadda Yahudawa ba sa haɗa ƙwarya da irinta. Ya sa kansa a matsayin mabukaci, ita ce mai bayarwa, daga nan zance ya buɗe, ta yi tambayoyinta da 'yancinta. Mai ƙishirwa ba shi da bakin cewa a'a. Matar da ta bar yara uku a gida babu ruwa a randa za ta tsaya ta saurari duk abin da ka ga dama, ta gyaɗa kai, amma wannan ba bangaskiya ba ce, ciniki ne da wanda aka ƙure. Uban da muke bauta wa, in ji Matiyu sura 5, yana saukar da ruwan sama a gonar mai adalci da ta marar adalci, ba ya tsayawa a kan iyaka ya tambayi addinin mai gonar. Na kuma tuna cewa sa'ad da nake yaro, kafin mu sami ko rijiyar hannu, a rijiyar wani malami muke ɗiba. Shi yana ɗaukar rijiyar nan sadaka ce mai gudana bisa ga koyarwar addininsa. Ya san mu su wane ne, bai taɓa tsayar da uwata ya yi mata sharaɗi ba.

Abin da muka yi a ƙarshe ba shi da ban mamaki. Na ɗauki dattijon muka je gaishe da mai unguwa, aka kira liman da ardon Fulani. Na ce, "Ranka ya daɗe, famfon nan a filinmu yake, amma ruwan da ke ƙarƙashi ba mu muka zuba shi ba. Mun kasa riƙe shi mu kaɗai." Aka yarda kowane gida ya kawo mudun gero da kaka, a sayar a ajiye don gyara, ban da gwauraye da gajiyayyu. Aka gina kwami nesa kaɗan domin dabbobi. Kwaɗon ma ya zo, amma da dare kawai ake sa shi, mabuɗi ɗaya yana hannun wata gwauruwa ta zumuntar mata, ɗaya yana hannun maƙwabciyarta Musulma. Su ne suka fi kowa sanin wahalar tulu, su ne kuma ba sa sassauta wa mai wasa da famfo.

Da a nan maganar ta tsaya da na ji daɗi. Amma a daminar 2021 amai da gudawa ya ratsa ƙasar nan, ya kama mutum fiye da dubu ɗari, ya kashe fiye da dubu uku, jiharmu tana cikin waɗanda abin ya shafa. Famfonmu yana aiki lafiya, duk da haka na tsaya a bakin ƙaramin kabari. Ruwan yana fitowa da tsabta, amma hannun da ke riƙe moɗa fa? Ƙudan da ke tashi daga bayan gari ya sauka a kan tuwo fa? Yawancin gidajenmu ba su da masai. Abin kunyar da ya fi duka, majami'ar da nake wa'azi a cikinta ma ba ta da shi. Mun sayi kayan kiɗa, mun shafa fenti, amma in an tashi sujada yara sai su zaga bayan katanga.

A makarantar tauhidi mun karanta Maimaitawar Shari'a sura 23, mun wuce ta da sauri. A can aka umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan sansani, kowa ya riƙe abin tono cikin kayansa, in ya biya bukatarsa ya rufe. Dalilin da aka bayar shi ne Ubangiji yana yawo a tsakiyar sansanin. Ranar da na yi wa'azi a kan wannan nassi, samari suka riƙa sunkuyar da kai suna dariya, wata tsohuwa kuma ta same ni bayan sujada ta ce, "Ɗana, yau ka faɗi abin da muka daɗe muna haɗiyewa." Ta gaya mini yadda mata ke ƙin cin abinci da rana don su iya jira har duhu ya yi, su fita jeji cikin tsoron maciji da tsoron mutum. Shekara da shekaru ina kiwon waɗannan tumaki, ban taɓa tambaya ba.

Masai ba shi da farin jinin famfo. Babu mai zuwa daga birni ya yanka ƙyalle a bakinsa, kuma ba ya amfanar mai shi sosai sai maƙwabcinsa ma ya gina nasa. Dole a nisanta shi da rijiya, aƙalla mita 30, a gangare ba a sama da ita ba, a yi masa murfi, a ajiye buta da sabulu ko toka a ƙofa. A ƙasa mai yashi ramin yakan rufta da damina, magidanci kuma yakan tsaya tsakanin buhun siminti da buhun taki. Ban ga laifin wanda ya zaɓi taki ba. Amma abu ne mai yiwuwa: a 2022 aka bayyana maƙwabciyarmu Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da bahaya a fili, mutanenta kuwa ba su fi mu arziki ba. Matasan ikilisiya suka fara da na majami'a, sa'an nan suka bi gidajen gwauraye, namu da waɗanda ba namu ba.

Dattijon nan yana raye, shi ke riƙe da littafin mudu. Duk kaka akwai gidajen da ba sa kawowa, alhali rumbunsu cike yake, wasu ma 'yan ikilisiya ne. Yakan karanta mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya in na kai ziyara, ya rufe littafin ya ce, "Fasto, na faɗa maka." Yana so a hana su ɗiba har su biya. Ni kuma nakan ce, "Baba, ai ba su ke zuwa da jarka ba, 'ya'yansu ne." Bara ya amsa mini cewa da irin wannan tausayi ne famfon zai sake mutuwa, 'ya'yan kowa su koma rafi. Ban sami abin ce masa ba a ranar. Mun bar maganar a kan cewa shi da mai unguwa za su bi gidajen da ƙafa bayan an gama sussuka.