Shin Sharri Yana Cikin Ƙwayar Zurma?

Zurma, wadda wasu ke kira cika-gida, kan fito a juji da bayan gida ba tare da an shuka ta ba, alhali a cikin ƙwayarta akwai risin, dafin da kaɗan ne suka kai shi ƙarfi a cikin tsirrai. Yadda yake kisa ne abin tsayawa a kai. A kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai 'yan masaƙu da ake kira ribosom, inda ake saƙa furotin. A 1987 Yaeta Endo na Japan ya nuna cewa risin ba ya ragargaza masaƙar. Harafi ɗaya tak yake zarewa daga dubban haruffan jikinta, aiki ya tsaya cak. Dafin idon zakara da dafin Shiga na ƙwayar cutar atuni, duk wurin nan suke yanka.

Wasu sukan ce wannan ƙwarewa wajen kisa ta isa hujja cewa da sharri aka gina halitta. A ganina sun yi gaggawa. Malamai irin su Ibn Taimiyya sun tafi a kan cewa babu sharri tsantsa a halitta, sai abin da ke zama sharri ga wani a wani hali, kuma zurma tana goyon bayansu. Dafin garkuwar iri ne daga masu cinsa. Man da aka tace daga ƙwayar nan magani ne. A 1891 Paul Ehrlich ya riƙa ba ɓeraye risin kaɗan-kaɗan har jikinsu ya koyi kare kansa, aikin da ya shiga tubalan ilimin rigakafi. Kafin risin ya kashe marubuci Georgi Markov a Landan a 1978 kuwa, sai da hannun mutum ya ɗauke shi da niyya.

Akwai ƙalubale mafi nauyi, kuma ba a tsallake shi. Yaron da atuni ya kashe, wa ya yi niyyar kashe shi? Mutum sama da 50 da dafin Shiga ya hallaka a annobar Jamus ta 2011 fa? Labarin Ehrlich ba ta'aziyya ba ne ga uwa, kuma rashin kunya ne a miƙa mata shi a haka. Amma a duba abin da mai ƙalubalen ke nema: duniyar da ƙa'idar sinadarai za ta riƙa kaucewa duk sa'ad da cuta ta tunkaro. A irin wannan duniya Endo ba zai gano komai ba, likita ma ba zai san abin da maganin jiya zai yi yau ba. Sannan atuni ta ruwa da abincin da najasa ta gurɓata yake yaɗuwa, don haka babban kaso na tambayar yana kan waɗanda aka damƙa wa amanar rijiya da famfo.